Ku bar wa yara laimar kwaɗinsu

Shekaranjiya da sassafe, bayan ruwan da aka kwana ana tafkawa, auta ta faɗo ɗaki da gudu, ƙafa duk taɓo. "Baba, zo ka gani! Kwaɗi sun yi biki da daddare sun manta laimominsu!" Na bi ta bayan gida, gindin kututturen darbejiyar da muka sare bara. Guda bakwai ne, farare tas. Biyu sun buɗe sosai, sauran ko kai ba su gama ɗagawa ba, kamar yaran da aka tasa sallar asuba. Ban kai ga cewa komai ba kakarta ta leƙo ta taga: "Ke! Guba ce! Ɗauko tsintsiya a share."

Na ce Hajiya a yi haƙuri a bar su zuwa gobe.

Hajiya tana da gaskiya, akwai mai kisa a cikin dangin naman kaza, kuma yakan yi kama da wanda ake ci har ido ya kasa rabawa. Don haka na kafa wa yarinyar doka: kallo kawai, ba taɓawa, balle kai wa baki. Amma me ya haɗa hana ci da hana mamaki?

Ku dubi sunan ma. Laimar kwaɗi. Wani ne can a da, watakila ma dattijo mai furfura, ya durƙusa cikin damina ya ƙura wa abin nan ido, sai ya hango kwaɗo a ƙarƙashinsa yana fakewa ruwa. Kwaɗon da ruwa ne gidansa! Aka yi dariya, sunan ya bi baki har ya iso gare mu. To yanzu yarinya ta ɗora wa zancen biki, sai mu ce shirme?

Turawa ma haka suka yi. A Ingila, idan naman kaza ya tsiro a zagaye cikin ciyawa, mutanen da cewa suke wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne suka kwana suna rawa a wurin, kuma duk wanda ya taka cikin da'irar zai yi ta rawa ya kasa fita. Jamusawa da Faransawa kuwa mayu suka ɗora wa laifin. Sai a 1792 wani likita, William Withering, ya nuna cewa aikin naman kazan ne da kansa. Ashe laimar da muke gani kamar 'ya'yan itace ce kawai. Ainihin jikin wasu fararen zare-zare ne a cikin ƙasa, suna farawa daga wuri guda suna bazuwa ta kowace fuska. Abinci ya ƙare a tsakiya, nan ya mutu, baki-baki na ci gaba, da'ira na ƙara faɗi kowace shekara. Kusa da Belfort a Faransa akwai wadda faɗinta ya kai wajen mita 600, an ƙiyasta mata shekara 700. Duk sun san wannan yanzu, amma har gobe da tsohon sunan, da'irar aljanu ko ta mayu, suke kiranta, ilimin bai kori wasan ba.

Mu dai ba ma irin wannan raha da aljanu. Aljani a wurinmu ba abin tatsuniya ba ne, sura guda ce da sunansu a Alƙur'ani. Shi ya sa nake ganin na da sun yi dabara da suka jingina abin ga kwaɗi, ba wanda zai kwana da tsoro.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, mu da aka rena da Gizo da Ƙoƙi, mu ne yau ke miƙa wa yaro waya don ya yi shiru, in kuma ya ƙirƙiro nasa labarin daga tsakar gida mu ce ya cika surutu.

Jiya da safe muka koma. Sun yanƙwane, sun yi baƙi, biyu ma ba alamarsu. Auta ta tsuguna ta daɗe tana dubawa, can ta ɗago ta ce, "Aro suka yi, Baba. Masu su sun zo sun karɓa." Hajiya na jin ta daga bakin murhu, ta ce to a gaya musu gaba su daina yi mata biki a bayan ɗaki.