Garkuwar jiki, ciwon hanta da daji: binciken da babu mai yi mana shi

Duk lokacin da aka tayar da maganar ware kuɗi domin binciken kimiyyar lafiya a Nijeriya, ba a rasa mai cewa wannan aikin masu ƙoshi ne. Hujjarsa ita ce ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kashe yaranta, kwalara ke dawo mata duk damina, ba ta da hurumin kashe kuɗi a kan masana da ke rufe kansu a ɗakin gwaji suna nazarin ɓeraye. Ba na raina wannan magana, domin wanda ya taɓa kwana a layin asibiti da yaro a kafaɗa ya san abin da ake kira gaggawa. Amma ina ganin kuskure ce, kuma fannin da ya fi fito da kuskuren fili shi ne binciken garkuwar jiki, wato yadda jikin ɗan Adam ke tunkarar ƙwayoyin cutar bairos da ciwon daji.

Mu fara da ɓerayen. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna LCMV da ke kama ɓeraye, 'yar dangi ɗaya ce da ƙwayar zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. Da ita Peter Doherty da Rolf Zinkernagel suka yi aiki a birnin Kanbera na Ostareliya, inda a 1974 suka bayyana yadda wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T ke gane ƙwayar halittar jiki da cuta ta shiga, su kashe ta. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 1996. Masu bincike sun ci gaba da lura da ɓerayen da cutar ta zaunu a jikinsu, sai suka ga abin mamaki: ƙwayoyin T suna nan, sun san abokin gabarsu, amma sun yi sanyi, kamar sun gaji. A 2006 ɗakin binciken Rafi Ahmed a Jami'ar Emory da ke Atlanta ya nuna cewa wani sinadarin furotin mai suna PD-1 na cikin manyan dalilan wannan gajiya, kuma idan aka toshe hanyarsa ƙwayoyin kan farfaɗo su ci gaba da aiki.

Shi PD-1 ɗin, Tasuku Honjo ne ya gano shi a Jami'ar Kyoto ta Japan tun 1992, ba tare da a lokacin an san amfaninsa ba. A Amurka kuma James Allison ya nuna a 1996 cewa toshe wani makamancinsa, CTLA-4, yana sa ƙari ya narke a jikin ɓera. Aikin waɗannan sinadarai kamar na linzami ne a bakin doki: an halicce su don kada garkuwa ta yi ta sukuwa har ta take jikin mai ita. Abin da daji da cututtukan bairos masu daɗewa suka ƙware a kai shi ne kama wannan linzami su ja. Da aka fahimci haka, sai aka haɗa magungunan da ke ƙwace shi daga hannunsu. An amince da ipilimumab a 2011, sai pembrolizumab da nivolumab a 2014, Allison da Honjo kuma suka raba kyautar Nobel a 2018.

Mutanenmu sun san tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter saboda yaƙin da ya yi da kurkunu tare da Janar Yakubu Gowon. A watan Agustan 2015, yana da shekara 90, ya sanar cewa dajin fata ya kai masa hanta da ƙwaƙwalwa. An yi masa tiyata da gashi, aka ɗora shi a kan pembrolizumab, kafin ƙarshen shekarar hoton ƙwaƙwalwarsa ya fito ba alamar ƙari. Sai a Disamban 2024 ya rasu, yana da shekara 100. A da, mai irin wannan dajin da ya bazu da wuya ya kai shekara guda. A wani babban gwaji da aka haɗa biyu daga cikin waɗannan magunguna, fiye da rabin marasa lafiyar suna raye bayan shekara biyar.

Kada a ɗauka an gama da daji. A yawancin nau'o'insa, marasa rinjaye ne maganin ke yi wa aiki, kuma garkuwar da aka saki takan juya ta far wa hanji ko huhu ko hanta. Ga kuma kuɗi: a Amurka farashin shekara guda ya haura dala dubu 150. Idan a nan labarin ya tsaya, da mai cewa aikin masu ƙoshi ne ya yi gaskiya.

Sai dai alaƙar bairos da daji a jikin ɗan Adam, a Afirka aka fara kama zarenta. A asibitin Mulago da ke Kampala, likitan tiyata Denis Burkitt ya riƙa ganin yara da kumburin muƙamuƙi, ya rubuta bayaninsu a 1958, ya kuma lura cewa ciwon yana bin yankunan zafi da ruwan sama, inda sauro ya yi katutu. Daga samfuran da ya aika Landan ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano a 1964 bairos na farko da aka danganta da daji a jikin mutum. Kusan kowane babba a duniya yana ɗauke da wannan ƙwaya ba tare da ta dame shi ba, amma a jikin yaron da zazzaɓin cizon sauro ke yi wa zuwa da dawowa, garkuwa takan kasa riƙe ta. Wannan ciwo yana nan a ɗakunan yara na asibitocinmu har gobe. Ƙididdigar hukumar binciken daji ta duniya ta nuna cewa a 2018 kusan kashi 13 cikin 100 na sababbin masu daji a duniya, wato mutum miliyan 2.2, cuta mai yaɗuwa ce silar ciwonsu, kuma kason Afirka kudu da Sahara ya fi haka nesa ba kusa ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi, akasarinsu ba su sani ba. Duk wanda ya saba shiga ɗakin kwantar da maza a manyan asibitocinmu ya san hoton. Magidanci ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, kafaɗu sun zube, ciki ya kumbura ya yi sheƙi, idanu sun yi ɗorawa, ƙafafu sun cika. Kafin a kawo shi an sha jiƙe-jiƙen shawara, an yi zargin sammu, an sayar da tumaki. Likita ya ɗora na'urar hoto a cikinsa, ya ja ɗan'uwansa gefe ya yi masa magana a hankali. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya haɗa asibitoci a ƙasashen Afirka da dama har da Nijeriya da Gana da Kamaru da Sudan, ya gano cewa in ban da Masar, matsakaicin shekarun mai dajin hanta 46 ne, kuma rabinsu ba sa wuce wata biyu da rabi bayan an gano ciwon. Waɗannan su ne masu ciyar da gidaje.

Kimiyyar garkuwar jiki ce ta bayyana yadda ake kaiwa nan. Babban mutum in ya kamu da wannan bairos, jikinsa kan kore shi. Waɗanda yake zaunar wa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Jariri kuwa, kusan kashi 90 cikin 100 cutar za ta zauna masa har ƙarshen rayuwa, domin garkuwarsa ba ta ɗauke ta a matsayin baƙuwa ba. Daga baya ƙwayoyin T sukan taso mata, amma a gajiye, da irin PD-1 ɗin nan da aka gani a ɓerayen Atlanta. Ba su iya kawar da ita, ba su kuma daina kai wa hantar farmaki. Shekara talatin ko arba'in na wannan ɓarna su ke bar wa hanta tabo, tabo ya zama daji. Gubar da ke fitowa daga gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu tana ƙara wa wutar fetur.

Ma'ana, dajin da zai kashe mutum yana da shekara 46 sau da yawa tun yana cikin zanen goyo aka shuka shi, ko daga mahaifiya lokacin haihuwa, ko a ƙuruciya ta hanyar jini, ciki har da askar da aka yi wa yara da yawa aiki da ita ba a tafasa ba. Maganin wannan kuwa an daɗe da samunsa. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafi a 1984, cikin shekara goma dajin hanta a tsakanin yaranta ya ragu da kusan rabi. A Gambiya an fara wani babban nazari a 1986 da ya haɗa jarirai sama da dubu 120, wanda ya tabbatar da cewa allurar tana hana cutar zama a jikin yaran Afirka. Nijeriya ta saka ta cikin jadawalin rigakafi a 2004. Kuɗin allura ɗaya bai kai dala guda ba.

Sharaɗin shi ne a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa, kuma a nan muke faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kashi 18 cikin 100 kacal na jariran yankin Afirka suka samu wannan allura a kan lokaci. A Arewa maso Yamma, binciken lafiya na 2018 ya nuna kusan kashi 16 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti. Mace ta haihu a ɗakinta da asuba, ungozoma ta yanke cibi, aka shiga wankan jego, hankalin gida ya koma kan ragon suna. In an yi sa'a a kai yaron asibiti bayan suna, in ba a yi ba sai bayan arba'in. Wadda ma ta haihu a ƙaramin asibiti ana iya ce mata ta dawo ranar rigakafi, ko a ƙi buɗe kwalba saboda yaro ɗaya, alhali ƙa'ida ta yarda a ci gaba da amfani da kwalbar da aka buɗe har kwana 28 muddin an adana ta yadda ya kamata. Wannan gyara ba ya buƙatar sabon bincike, yana buƙatar umarni daga kwamishinonin lafiya da haɗa ungozomomi da ma'aikatan rigakafi. Haka ma allurar hana dajin bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023. Wannan daji yana kashe matan Nijeriya kusan dubu 8 a shekara.

To miliyoyin da suka riga suka kamu fa? A nan ne nake cewa babu mai yi mana aikinmu. Bairos ɗin hanta na B iri-iri ne. Wanda ya mamaye Afirka ta Yamma shi ne irin da ake kira E, alhali galibin binciken duniya an yi shi ne a kan ire-iren da ke Asiya da Turai. Maganin tenofovir yana danne cutar amma ba ya raba mutum da ita, kuma masu neman hanyar warkarwa yanzu sun karkata ga farfaɗo da garkuwar da ta gaji. Shin abin da ya yi aiki a Hongkong zai yi aiki a jikin mutumin Gaya da ke ɗauke da irin E, wanda ya sha zazzaɓin cizon sauro tun yana rarrafe? Ba wanda zai amsa sai an gwada a nan. Gwaje-gwajen farko da dama na sababbin magungunan daji sun ware masu ciwon hanta da masu cutar HIV gefe, har sai da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da jagora a 2020 cewa a riƙa saka su. Dajin fata ma, wanda ya fi samun baƙar fata a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce yake fitowa, kuma bai cika jin waɗannan magunguna kamar na Turawa ba.

Indiya ta nuna abin da ƙasa mai ƙarancin kuɗi za ta iya. Likitocin asibitin Tata Memorial da ke Mumbai sun tambayi abin da kamfanin magani ba shi da dalilin tambaya: shin ɗan kaɗan zai wadatar? Suka gwada miligiram 20 na nivolumab, kusan kashi 6 cikin 100 na adadin da aka saba bayarwa, haɗe da magunguna masu araha, a kan mutum 151 masu dajin kai da wuya. Waɗanda suka kai shekara guda a raye sun tashi daga kashi 16 zuwa kashi 43 cikin 100. Irin wannan tambaya sai likitan da ya ga majinyacinsa ya juya gida saboda kuɗi ne ke yin ta.

Na san akwai tabo a zukatanmu. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar rashin yarda da har yau ba ta gushe ba, kuma mutane suna da gaskiyar yin taka-tsantsan. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne binciken da za a yi a kan 'ya'yanmu ya kasance a hannun masanan da ke zaune cikinmu, ƙarƙashin kwamitin ɗa'a mai haƙori, da takardar amincewa da aka karanta wa iyaye da Hausa. Masanan kuwa akwai su. Cibiyar da Farfesa Christian Happi ke jagoranta a Ede ce ta fara tantance jerin ƙwayoyin halittar bairos ɗin korona a nahiyar Afirka a Maris ɗin 2020.

Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Sakkwato da Maiduguri, duk suna ganin masu ciwon hanta kowane mako. Abin da nake so cibiyar binciken daji ta ƙasa, NICRAT, da asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, su yi shi ne su haɗa waɗannan asibitoci a aiki ɗaya na aƙalla shekara goma: a yi rajistar masu ɗauke da cutar da yardarsu, a ba su magani, a adana jininsu a firjin da wuta ba ta ɗaukewa, a biya matasan masana albashin da zai zaunar da su. Tambayar farko da za a nemi amsarta ita ce, cikin masu ɗauke da irin E, su wane ne hantarsu ke saurin lalacewa, kuma wace alama ce a jininsu za ta nuna haka tun ana iya yin wani abu.