Teku ke hawa ko ƙasa ke nitsewa?

A shekarata ta farko a Holan na tsinci wata takardar haraji a akwatin wasiƙa, na ɗauka kuɗin famfo ne. Maƙwabciyata, wata dattijuwa, ta fahimtar da ni cewa na hukumar da ke kula da ganuwar ruwa ne, wato abin da ke hana mu farkawa katifa na iyo. Kusan rubu'in ƙasar nan yana ƙasa da matakin teku, kuma ambaliyar 1953 ta ci rayuka sama da 1,800. Ba su manta ba.

Tun daga nan kunnena ya daina karɓar "sauyin yanayi ne" hannu bibbiyu duk lokacin da teku ya cinye wata unguwa. Ba musu nake yi ba: daga 1901 zuwa 2018 ruwan teku ya ƙaru da kusan santimita 20, kuma saurinsa ƙaruwa yake. Amma kalmar ta zama bargon da hukumomi ke lulluɓe aikin hannunsu da shi.

Dubi Bar Beach ta Legas. Igiyar ruwa a wannan gaɓar daga yamma take kwaso yashi zuwa gabas. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka gina katangun duwatsu a bakin mashigar jiragen ruwa, yashi ya riƙa taruwa a gefe guda, ɗaya gefen kuwa, wato Bar Beach, teku na gatsa ba mai mayarwa. Shekaru aka yi ana zuba yashi yana tafiya, kamar ɗiban ruwa da rariya. Daga baya aka cike wurin aka kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic da katangarta ta tare teku. To, waɗanda ke gabas da katangar fa? Igiyar ruwa ba ta yin ritaya, wurin ci kawai take sauyawa.

Na Jakarta ta ƙasar Indonesiya ya fi ban tsoro. Teku na hawa milimita kaɗan a shekara, amma an ga wuraren da ƙasa ke lotsawa har santimita 25 a shekara a arewacin birnin, saboda zuƙe ruwan ƙasa da rijiyoyin burtsatse. A 2019 Shugaba Joko Widodo ya sanar da shirin ɗauke babban birnin ƙasar daga Jakarta zuwa tsibirin Borneo. Tokyo ta taɓa shiga irin wannan hali, ta taka wa zuƙar ruwa burki, lotsawar ta tsaya.

Na san za a ce Holan mai kuɗi ce. Gaskiya ne, kuma hayaƙin ƙasashe irinta na cikin abin da ya kumbura tekun. Sai dai ba duk dabararsu ce ta ƙarfe da siminti ba. A 2011 sun jibge yashi sama da kubik mita miliyan 20 a kudu da birnin Hague, suka bar iska da igiya su rarraba shi a gaɓar. Na je can ranar wata Asabar: tsibin ya baje ya miƙe, ciyawa ta fito a kansa, yara na guje-guje a inda dā jirgin ruwa ke wucewa.