Wai Super Mario Bros. 2 jabu ne?

Jama'a, da an tayar da hirar tsofaffin gem sai ka ji wani ya ce wai Super Mario Bros. 2 na Amurka jabu ne, na gasken yana Japan. Ni kam ban yarda ba.

Bayan Mario na farko ya yi kasuwa a 1985, kamfanin Nintendo ya fitar da na biyu a Japan a 1986, a kan na'urarsu ta buga gem, Famicom Disk System. Kamanninsa kusan ɗaya da na farko, mugunta kawai aka ƙara masa. Ka hango laimar kwaɗi ka ruga ka ɗauka, ashe mai guba ce. Kana tsakiyar tsalle iska ta kwashe ka ta watsa rami. Hatta bututun da aka saba yana tsallakar da mutum gaba, a nan akwai wanda baya zai mayar da kai. Da reshen Amurka suka gwada, suka ce a kai kasuwa, wahalar ta yi yawa.

Sai aka ɗauko wani gem, Doki Doki Panic, wanda Nintendo ya yi a 1987 don wani bikin gidan talabijin na Fuji. Iyali ne su huɗu cikin shigar Larabawa. Aka cire ɗansu Imajin aka sa Mario, Luigi ya gaji Mama, Gimbiya ta gaji Lina, Toad ya gaji Papa, aka gyara zane, aka sake shi a Amurka a 1988 da sunan Super Mario Bros. 2.

To ina jabun? Ma'aikatan Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiro Mario, su ne suka gina shi tun asali. Kensuke Tanabe ya ja ragamar aikin, Koji Kondo ya yi kiɗan, shi ɗin dai da ya yi na Mario. Ɗan gida ne aka canza wa riga. Kuma shi ne ya zo da sabon abu: maimakon ka taka abokin gaba ya mutu, sai ka hau kansa, ka ɗaga shi, ka jefi ɗan'uwansa da shi. Ka tumɓuke kayan lambu daga ƙasa su zama makami. Gimbiya, wadda a da sai dai a je a ceto ta, yanzu ita ake bugawa da ita, tana shawagi a iska. Abokan gaba irin su Shy Guy da Birdo da Bob-omb duk daga nan suka shigo gidan Mario, har yau ba su fita ba.

Abu ɗaya ne bai yi min ba, a sha duk wannan fama sannan a ƙarshe a nuna Mario a gado yana sharar barci, wai mafarki ne.

Su kansu Japanawan sun karɓe shi a 1992 da sunan Super Mario USA. Nasu kuwa sai 1993 ya isa Amurka cikin tarin gem mai suna Super Mario All-Stars, aka kira shi The Lost Levels. Mai cewa shi ne na gaske ya je ya buga, ya zo ya faɗa mana matakin da ya kai.