Ni ne Mai Gida, Ni Ake Bi Bashi

A Kano in aka ji 'yan kuɗi sun shigo hannunka, shawarar majalisa ɗaya ce: ka sa a ƙasa. Wanda ko akurki bai taɓa ginawa ba shi zai fi kowa ɗaga murya. Da aka raba mana gadon gona, kawuna ne ya ja gaba. "Ɗana, gida ba ya ruɓewa, ɓarawo ba ya saɓa shi a kafaɗa. Ka gina ka zuba ɗan haya, kana barci kuɗi na yi maka sallama."

Na sayi rabin fuloti can bayan Rijiyar Zaki, na kafa harsashi daidai lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Da ƙyar da jiɓin goshi na haɗa ciki da falo da ɗan tsakar gida, na rufa kwano. Dillali ya kawo mini mutum, ya karɓi la'ada a wajena, ya zagaya ya karɓa a wajensa, ya yi mana addu'ar zaman lafiya ya ɓace.

Mutumin kuwa ladabi kamar ya kwanta a ƙasa. Alhaji yake ce mini, ni da ko filin jirgi ban taɓa raka maniyyaci ba. Kuɗin shekara ya ƙirgo mini cif a gaban shaidu.

Da shekara ta zagayo na sa babbar riga na tafi karɓar haya. Ya shimfiɗa mini darduma, aka kawo zoɓo mai sanyi har da ƙanƙara. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Sai ya shiga ɗaki ya fito da littafi irin na 'yan firamare, an ja masa layi da jan biro.

"Ranka ya daɗe, ga ɗan abin da muka kashe wa gidanka."

Yoyon kwano da damina, an kira kafinta sau uku. Kwasar masai. Kan famfo, alhali unguwar rabonta da ruwan famfo tun kafin a yanka filayen, 'yan garuwa ne ke shayar da kowa. Sakata, kwan fitila, maganin gara. Akwai kuɗin mai gadin layi, akwai karo-karon gyaran taransifoma. Har da bishiyar darbejiya da ya dasa a ƙofar gida, da ladan yaron da ke ba ta ruwa, wai ai inuwar ta Alhaji ce, shi baƙo ne. Kowane layi da kwanan wata, wasu har da sa hannun mai aiki.

Ya haɗa lissafi a gabana, ya cire daga kuɗin haya, ya ɗago kai cikin tausayi.

"Saura naira 4,500 nake bin ka, Alhaji. Amma wallahi ba gaggawa."

Zoɓon nan ya tsaya mini a maƙogwaro.

Na garzaya wajen mai unguwa. Ashe a shekara guda ɗan hayan nan ya zama ladanin masallacin layin, shi ke tashin su asuba, shi ke rabon goro a wurin ɗaurin aure. Mai unguwa ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, mutumin kirki ne. Kai ma ka dace da ɗan haya." Wani lauya abokin ƙanena ya ƙara mini da cewa mai hayar shekara sai an ba shi notis na wata shida, bayan nan a ƙara na kwana bakwai, sannan a fara maganar kotu. Da ya faɗi kuɗin aikinsa sai na ga gara bashin 4,500.

Duk da haka na sa aka buga takardar notis, na ninke ta a aljihu, na yi asubanci don kada zuciyata ta yi sanyi. Tun daga bakin layi na hango rumfa da kujerun roba, mata na shiga da fita da kwanuka. Kafin in juya babur, ɗan hayan ya hango ni, ya taho da gudu ya rungume ni a gaban jama'a.

"Ga uban ɗakin nawa! Ai yanzu nake shirin aiko maka. An samu ƙaruwa, namiji, kuma liman ya riga ya raɗa suna. Alhaji, an yi maka takwara!"

Maroƙi ya ɗauka, ya kama kirarin mai gidan da ba ya tashin talaka. Aka miƙo mini jariri. Na laluba aljihu, hannuna ya taɓa takardar notis, ya wuce ta, ya zaro 5,000 ɗin da na tanada don mai, na sa a cikin zanen goyo.

Da zan tafi ya rako ni har wajen babur da ƙullin nama a leda. Ya sunkuyo ya rage murya.

"Maganar ragon takwaranka kuwa, kada ta dame ka ko kaɗan. Na rubuta a littafi, za mu cire a hayar baɗi."