Tokar da ta ƙi goguwa

Ran Litinin kafin Larabar Toka, ranar da muke fara azumin Ista ana zana mana gicciye da toka a goshi, Baba Katikis, mai koyar da addini a cocinmu, ya miƙo mini buhun busasshen ganyen dabino, wanda muka yi tattaki da shi a Lahadin Dabino na bara, ya ce, "Ɗana, bana kai za ka yi mana toka." Na ce an gama, Baba. A raina kuwa cewa nake, ƙona ganye har wani aiki ne?

Ga yadda ake yi, don kada wani ya sha irin kunyar da na sha. A yayyanka ganyen da almakashi kamar tsawon ɗan yatsa, a zuba a tsabtataccen kwanon ƙarfe, a cinna wuta a waje inda iska ba ta kaɗawa. Ban da kalanzir, ban da takarda. Da harshen wutar ya kwanta sai a kife murfi, domin in ta cinye ƙurmus tokar fara take fitowa, ba ta nunawa sosai. Baƙin da ake so daga ɗan gawayin da ya rage yake. In ta huce a murje da bayan cokali, a tankaɗe da rariya mai laushi. Kofin shayi ɗaya ya ishi ɗaruruwan mutane, tunda babban yatsa kawai Fada, limamin coci, ke dangwalawa.

Wannan na ƙarshen ne ba wanda ya gaya mini. Buhu guda ya ƙone ya dawo abin da bai cika tafin hannuna biyu ba. Hankalina ya tashi. Na leƙa murhu na kwaso tokar itace gwangwani biyu na gauraya, ina cewa ai toka toka ce. Ban tsaya nan ba. Yayyafin ruwa mai tsarki kaɗan ake yi mata lokacin sa albarka, wasu majami'u kuma su ɗiga man zaitun don ta kama fata. Ni kuwa tun daren Talata na kwaɓa ta da ruwa kamar mai shirin yaɓe, na rufe ta kwana. Tokar itace in ta jiƙa ta kwana, gishirin cikinta narkewa yake, ta zama ruwan toka, irin wanda ake dafa sabulu da shi. Cin fata yake yi.

Ran Laraba coci ya cika. Aka karanta littafin Annabi Yowel sura 2, a yayyage zuciya ba tufafi ba. Fada ya yi wa'azi mai daɗi a kan cewa mu jama'ar alkawari ne: Nuhu ya ga bakan gizo, Ibrahim ya karɓi kaciya, mu kuma an sa mana hatimi a baftisma. Ya ce kwana 46 ne zuwa Ista, a cire Lahadi 6 saura 40 na azumi da addu'a da sadaka. Sannan ya ƙara da cewa, "Tokar nan tuni ce kawai, kafin dare ta goge. Abin da ake so ya zauna, a zuciya yake."

Aka yi layi. "Ka tuna kai ƙura ne, ga ƙura za ka koma." Ba a yi minti 10 ba na hangi mawaƙa suna ƙwalla. Na ce ikon Allah, bana tuba ta shiga mutane. Sai na ga mai ganga ya saki ganga yana fifita goshi da takardar waƙa. Wata tsohuwa a gefena ta taɓo ni, ta yi ƙasa da murya: "Ɗana, tun ina budurwa nake karɓar toka, ban taɓa jin zunubina ya yi mini raɗaɗi irin na yau ba." Na ce, "Sannu Mama," nawa goshin ma kamar an ɗora garwashi.

Wanda ya fi kowa shan wuya Fada ne, don yatsansa ya shiga kwanon nan ya fi a ƙirga. Ya tsaya, ya dubi yatsan, ya dubi Baba Katikis. Baba Katikis ya dube ni. Ni kuma na dubi ƙasa, inda aka ce can zan koma. Sai Fada ya ce, "Jama'a, kun ji Bisharar yau, Matiyu sura 6: in kana azumi ka wanke fuskarka. Kowa ya je famfo ya cika wannan umarni yanzu." Maganin ke nan kuwa: ruwa mai yawa yana zuba kamar minti 15, kada a dirza, kada ya gangara cikin ido.

Baƙin ya fita, jan gicciye ya zauna raɗam a goshin rabin ikkilisiya har ƙarshen mako. Duk inda muka haɗu ba sai an tambayi cocin da mutum yake zuwa ba.

Ran Asabar na je furta zunubi. Na durƙusa, ina hango yatsan Fada naɗe da bandeji. Na ce, "Fada, maganar tokar nan..." Ya ce, "Wannan na sani. Faɗi na biyu."