Kafin ka shiga ajin gudu, tambayi yadda suke yi da na ƙarshe

Jama'a, yawancin masu niyyar shiga ajin gudu tambayarsu ba ta wuce wane takalmi za su saya, ko wane agogo za su ɗaura. A ganina akwai tambayar da ta fi waɗannan: idan an fita, ya ake yi da wanda ya fi kowa nawa? Da wannan ake gane aji na ƙwarai. Ajin da ya san aikinsa yana da jagora a gaba, yana kuma da wani a can baya wanda aikinsa ke nan, kada ya wuce kowa. Wasu kuma na gaban ne ke juyowa idan sun kai kwana, su dawo su tarbi na baya, sannan a ci gaba tare. Taron gudun parkrun da aka fara a Landan a 2004, na kilomita 5 kowace Asabar da safe, yana da ɗan sa-kai da ke takawa a bayan kowa, don kada sabon shiga ya zama shi ne na ƙarshe. Idan ka tambayi koci ya ce maka "ai ba komai, kai dai ka biyo mu", to nemi wani ajin.

Gudu a cikin mutane yana da wani tarko. Ƙafarka tana ɗaukar saurin na kusa da kai ba tare da ka sani ba, ga kuma kunya, ba ka so a ce kai ne ka fara tsayawa. Minti uku na farko ka ji garau. Kafin minti na takwas haki ya tsaya maka a wuya, wani abu na sukarka a ƙasan haƙarƙari, ƙafa ta yi nauyi. Ka koma gida ka yanke hukuncin cewa gudu ba naka ba ne, alhali saurin wani ka ara. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Ma'aunin da ya fi sauƙi ba ya buƙatar na'ura. Kana sassarfa, yi wa na gefenka magana. In za ka iya faɗin jimla cikakkiya ba tare da ka yanke ta don jan numfashi ba, kana daidai. In kalma biyu-biyu ke fita, ka wuce gona da iri, rage. Ga wanda bai taɓa gudu ba, wannan saurin sau da yawa bai fi na mai tafiya da hanzari ba sai kaɗan, kuma hakan ba abin kunya ba ne. Wannan ma shi ne babban amfanin gudu a rukuni: kullum akwai wanda za ka gwada numfashinka da shi.

Sai ka nemi a nuna maka tsarin makonni, a rubuce. Wanda ya fi shahara shi ne Couch to 5K, wato daga zaman kujera zuwa gudun kilomita 5, wanda Josh Clark ya tsara a 1996, hukumar lafiya ta Birtaniya ma tana amfani da shi. Mako 9 ne, fita sau uku a mako. A makon farko za ka yi tafiyar minti 5 don jiki ya ɗumama, sannan gudun daƙiƙa 60, tafiyar daƙiƙa 90, a yi ta maimaitawa har minti 20. Mako na biyu gudun ya koma daƙiƙa 90, tafiya minti 2. A ƙarshen mako na biyar ne ake fara yin minti 20 ba tsayawa, kuma nan ne gaban mutane ke faɗuwa. A mako na tara a kai minti 30. Kada sunan ya ruɗe ka: cinye kilomita 5 a minti 30 yana nufin minti 6 a kowace kilomita, kuma sabon shiga da yawa ba sa kai wannan a mako 9. Mintocin ake nema, nisa zai zo daga baya. Makon da ya yi maka tsauri kuma, maimaita shi, ko da sauran sun wuce.

Masu raina tafiya a tsakiyar gudu su sani, Jeff Galloway, wanda ya wakilci Amurka a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1972, da haɗa gudu da tafiya ya yi suna wajen horar da mutane, har da masu gudun fanfalaki.

Inda na fi so a tsaya shi ne ranakun hutu, don a nan ake yin ɓarna. Zuciya da huhu suna saurin sabawa. Bayan 'yan makonni za ka ji numfashi ya daidaita, ka ji kamar za ka iya fita kullum. Amma ƙashi da jijiyoyi, musamman agara da ƙwauri, sun fi jinkiri nesa ba kusa ba. Kowane taku a gudu yana ɗora wa ƙafa kusan ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka, kuma a minti 20 taku dubbai ne. A ranar hutu ne jiki ke gyara abin da aka taɓa. Idan ajin yana haɗuwa sau biyu a mako, ƙara fita ɗaya kai kaɗai, ka bar kwana ɗaya tsakanin kowace fita. Abokan da suka ja ka zuwa ta huɗu da ta biyar ba su za su yi maka jinyar gwiwa ba.

Ka kuma koyi bambanta ciwo. Tsamin jiki da ke zuwa bayan kwana ɗaya, ya yi tsanani a na biyu ko na uku, a cinyoyi da sha-raɓa duka biyu, wannan al'ada ce, yana wucewa. Ciwon da ke gefe ɗaya, yake ƙaruwa kana gudu, ko yake sa ka ɗingishi, wannan daban ne. In ka danna ƙwauri da yatsa ka ji zafin a wuri guda tak, dakatar da gudu ka ga likita, don ƙashi na iya tsagewa a hankali ba tare da an faɗi ba. Mafi yawan abin da ke jawo ciwon ƙwauri shi ne ƙara nisa da gaggawa da kuma wage ƙafa, diddige ya riƙa sauka can gaban jiki. Gajarta taku, ƙafa ta sauka kusa da ƙarƙashinka.

Maganar takalmi ba ta da yawa. Wanda ya yi maka daɗi, da sararin faɗin babban yatsa a gaba, don ƙafa tana ɗan kumbura. Safar auduga tana riƙe gumi ta jawo bororo. Abinci mai nauyi a bar awa biyu zuwa uku kafin fita.

Ranar farko ka isa da wuri, ka samu koci kafin a taru. Gaya masa in kana da hawan jini, ciwon suga, asma ko tsohon targaɗe, mai juna biyu ma ta faɗa. Mai ciwon zuciya ya fara ganin likita tukuna, mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu. Tsaya a baya wajen tashi, in za ka koma tafiya ka ɗaga hannu ka matsa gefe don kada na bayanka ya yi karo da kai. Idan kuwa ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko zafi na gangarowa hannu ko muƙamuƙi, tsaya nan take ka gaya wa na kusa da kai, kada ka ce sai an kai ƙarshen zagaye.