Kwantena ba katanga ba ce, a kula da bayanan manomanmu

Yanzu ba abin mamaki ba ne ka tarar da sakataren ƙungiyar manoman shinkafa a Auyo ko Kafin Hausa yana shigar da bayanan 'yan ƙungiya a waya: suna, lambar NIN, lambar asusu, da buhun takin da aka ba kowa bashi. Ci gaba ne, ina maraba da shi. Damuwata ita ce inda bayanan nan suke kwana.

Matashin da ya rubuta manhajar yakan yi hayar uwar garke guda mai araha (wato kwamfutar da ke ajiye bayanai da gudanar da manhajoji ta intanet), ya zuba manhajojin duk masu hulɗa da shi a ciki, kowacce a kwantenarta ta Docker, wato keɓaɓɓen gurbin da manhajar Docker ke ware wa kowace manhaja a cikin na'ura ɗaya. In ka tambaye shi sai ya ce, "Alhaji kwantar da hankalinka, kowa ɗakinsa daban." Ɗakuna ne kam, amma irin na gidan hayar da bangonsa bai kai rufi ba. Duk kwantenonin zuciyar Linux ɗaya suke amfani da ita, ta na'urar da ke ɗauke da su, wato ginshiƙin babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar. Wanda ya samu kafa a nan ya haura, ya zama mai cikakken iko, sai ya karanta na kowa, ya goge, ya sauya.

Kuma an sha ganin kafar. A Fabrairun 2019 aka bayyana ɓaraka a runc, manhajar da ke tayar da kwantenonin Docker, wadda ke ba mugu damar sauya runc ɗin kanta daga cikin kwantena ya ƙwace na'urar. A 2022 ga wata ɓarakar mai suna Dirty Pipe a zuciyar Linux. A Janairun 2024 aka sake samun wata a runc. Duk an fitar da gyaransu, amma gyara sai wanda ya ɗora. Nan ne nake tsoro, domin sau da yawa ana biyan kuɗin rubuta manhaja ne kawai, ba a ware ko sisi don kula da ita.

Wani sakacin ma namu ne. Manhaja ta ƙi tashi, sai a ba kwantenar dukkan izini don aiki ya tafi, a manta a janye.

Na san uzurin, hayar uwar garke da dala ake biya. Amma sabunta Linux da runc kyauta ne, hana manhaja gudana da cikakken iko ma haka. Abin da ya shafi kuɗi da NIN kuwa ya cancanci na'urarsa daban, ko da tsada. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora alhaki a kan mai tattara bayanan, ke nan ƙungiyar ma ba ta fita ba.

Saboda haka kafin shugabannin ƙungiya su sa hannu, su tambayi mai manhajar su wa suke zaune da su a na'urar, kuma yaushe ya sabunta ta. A rubuta kuɗin kulawa na shekara a cikin yarjejeniyar, tare da sunan wanda zai yi aikin.